Layin Dokta Idi Ne

Akwai wata magana da ta zauna a gidanmu tun kuna ƙanana. Kun ji ta a bakin Kaka, kun ji ta a bakin ƙannen uwarku, har kuka haddace ta: wai wata yarinyar likita ce ta duba uwarku Fanna, ta ce ba komai, ta sallamo ta gida ta mutu. To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce tun ranar da aka fara faɗinta a zaman makoki, ina kan tabarma ina karɓar gaisuwa, kuma ban buɗe baki ba. Yayarku Zara ta riga ta ji gaskiyar daga bakina watanni biyu da suka wuce. Bukar, Amina, ku ne kuka rage, kuma na fi so ku karanta da rubutun hannuna kafin ku ji a wani wuri.

A lokacin ina majo, wato babban malamin jinya, a wani ƙaramin asibiti da ke bakin Komadugu, tafiyar sa'a biyu da ɗoriya daga garin Diffa idan hanya ta yi kyau. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri. Su suka ba ni mata, ni baƙo daga Damagaram wanda ko gaisuwar Barebari bai iya ba. Shekarun nan ne da tashin hankali ya koro jama'a daga bakin tafki, aka hana hawa babur, gefen titi ya cika da bukkokin leda. Bayan masu gudun hijira sai ga masu porje, wato ƙungiyoyin agaji, da fararen motocinsu. Ba zan zalunce su ba, sun yi aiki: sun shafe mana bango da fenti, sun kafa sola, sun kawo gadaje. Amma abin da suka fi ƙauna a duniya shi ne atiliye. A kwashi ma'aikata a kai su otal a Diffa ko Damagaram kwana biyu ko uku, a rataya ƙyalle mai rubutu, a raba jaka da biro, a sha shayi da hantsi, a ɗauki hoto, sannan a miƙa wa kowa ɗan kuɗin zama a ambulan. Jakunkunan da dukanku kuka yi lakwal, wato makarantar boko, da su, na atiliye ne.

Wannan ambulan ɗin ya kusa tarwatsa mana asibiti. Albashi ba ya kai wata, kuɗin zama kuwa yana sayen buhun gero. Da farko manya ne kaɗai ke tafiya, har ta kai ungozomarmu da mai gwajin jini sun yi wata guda ba sa gaisawa. Sai ni, mai wayo, na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai bango shuɗi, na ja layuka, na jera sunayen ma'aikata tun daga babban likita har direba. Idan gayyata ta zo sai a buɗe kaye, wanda layi ya zo kansa shi zai tafi, ko mene ne za a koyar. Muna ce masa tur. Rigima ta mutu murus, har daga wasu asibitocin ake zuwa ganin yadda na tsara. Ta haka direban motar marasa lafiya, Malam Gwani, dattijo mai gemu, ya je ya yi kwana uku ana koya masa yadda uwa za ta riƙe jariri a nono, ya dawo muna tsokanarsa da sunan Inna. Ni kaina sau biyu ina zuwa koyon ƙona shara. Ba wanda ya ga aibin abin, saboda mun san ba wani ilimi ake kwasowa a kwana uku ba, rabin zaman ma gyangyaɗi ne. Kayen nan yana da gurbin suna da gurbin gari, ba shi da gurbin abin da aka koyo.

Likitoci biyu gare mu. Babba shi ne Dokta Idi, mutumin kirki wanda ya gaji. Iyalinsa suna Yamai, ya yi shekaru yana neman a mayar da shi can. Ƙaramar ita ce Dokta Rakiya, ƴar Dogon Dutsi, wadda aka turo mana daga makaranta kai tsaye, ba ta fi Zara ta yanzu shekaru ba. Tana da kai, tana da zuciyar aiki, kuma ba ta jin kunyar cewa ba ta sani ba. Wata rana muna cin ƙosai a barandar ofishina na tambaye ta yadda ake karatun likita a zamaninsu. Ta yi dariya ta ce:

"Baba Majo, karatu kam mun sha shi a takarda. Ka tambaye ni kowace jijiya in zana maka. Amma idan malam yana nuna aiki, tsayawa muke a bayansa kamar masu kallon ƙwallo a shagon shayi, na gaba su gani, na baya su ji labari. Safar hannu ma mu ke saya. Na'urar eko, ta duba ciki, sau ɗaya na taɓa riƙe ta, shi ma ban kai ga ganin komai ba aka ce in ba na bayana."

Ita tana dariya, ni kuwa raina ɓaci yake yi, kuma har gobe idan na tuna sai ya ɓaci. Ƙasa ta ɗauki ƴaƴanta mafi kaifin kai, ta cusa su a ɗaki ɗaya kamar buhunan tattasai, ta hana makarantarsu kayan aiki, ta bar malamansu suna gudu asibitocin kuɗi don su ci abinci. Sannan ta miƙa musu takarda, ta turo su daji inda babu wani babba da zai tsaya a kansu, ta ce ga rayukan mutane nan. Akwai kuɗin otal da shayi da ƙyallen rataya, amma kuɗin da za a zaunar da yarinya wata shida kusa da gwani har hannunta ya faɗa, wannan kullum babu. Mu kuma da ke ƙasa ba mu taɓa yin ƙorafi ba, tunda ambulan yana zuwa.

A ƙarshen damina wani porje ya kawo mana na'urar eko sabuwa fil, wadda ake ɗora wa mace a ciki a ga abin da ke cikin mahaifa. Wannan karon sun yi abin kai, domin tare da na'urar akwai gurbin karatu na wata uku a Yamai, ga likita ɗaya. Matar da ke kula da porjen, Madam Hawa, ta zauna a ofishina da takardarta. Dokta Idi ya ce shi ba ruwansa, a tambayi Majo, shi ke riƙe da tur. Na buɗe kaye. Wata guda kafin nan Dokta Rakiya ta je Diffa atiliyen kwana biyu a kan wanke hannu, na kuwa sa mata alama. Saboda haka layi ya wuce ta. Madam Hawa ta dube ni ta saman tabarau ta ce:

"Majo, ni tambayata ɗaya ce. Wane ne zai daɗe a nan?"

Na ce, "Madam, layin Dokta Idi ne."

Ba amsar tambayarta ba ke nan, kuma na sani. Ni da hannuna na kai wasiƙar neman canjin Dokta Idi Diffa, kuma shi da bakinsa ya gaya mini wani ɗan'uwansa a ma'aikatar ya ce an kusa sa hannu. Na san idan ya tafi Yamai ba zai dawo ba. Me ya sa na yi haka? Na sha tambayar kaina. Mutumin ya yi mini alheri, shi ya tsaya mini lokacin da aka so a jefa ni Ngurti, can cikin hamada. Na kuma ji tsoron idan na karya layi sau ɗaya, gobe kowa zai kawo nasa dalilin, kayena ya zama abin dariya. Akwai na uku, wanda ya fi muni: a raina ina ganin yarinya ce, ba ta da miji ba ta da ɗa, me za ta yi da kuɗin zaman wata uku? Ban ɗauki abin a matsayin karatu ba sam. Rabo na ɗauke shi, irin na naman layya.

Da la'asar ta shigo ofishina, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba.

"Baba Majo, wanke hannu na kwana biyu da eko na wata uku, duk alama ɗaya ce a kayenka?"

"Dokta, doka ce, kowa ya yarda da ita. Ke yarinya ce, naki na zuwa."

"Ba kuɗin nake so ba. A ba shi kuɗin zaman, ni a ba ni karatun. Zan kwana wurin gwaggota a Yamai."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini, na ce ba a taɓa yin haka ba. Ta ce to, ta fita.

Dokta Idi ya tafi, ya gama wata ukunsa, takardar canjinsa ta same shi a can. Ko kayansa ma direba ne ya ɗaure ya aika masa. Na ji yanzu yana da asibitin kansa, da allo a ƙofa an rubuta ana yin eko. Ban riƙe shi da komai ba, abin da aka miƙa masa ya karɓa. Mun rubuta wa porjen a ba mu wani gurbi, suka amsa da cewa a wurinsu aiki ya kammala: an kai na'ura, an horar da likita, ga hoto. Na'urar kuwa aka kai ta ɗakin ungozoma, aka lulluɓe ta da zanen atamfa saboda ƙura. Duk baƙon da ya zo daga Yamai sai mu yaye zanen mu nuna masa, ya jinjina kai ya rubuta cewa asibitinmu ya ci gaba. Dokta Rakiya takan kunna ta idan aiki ya lafa, da littafi buɗe a cinyarta, tana gwadawa a kan ungozoma. Amma wannan ba aikin da littafi ke koyarwa ba ne, sai da wanda zai riƙe hannunka ya ce karkata nan, wannan duhun ruwa ne, wancan jini ne.

Uwarku tana da gonar tattasai da ta gada a bakin kogi. Kun san ta da gonar nan, ko ni ban isa in shiga tsakaninsu ba. Lokacin tsinka ne, an baza jan tattasai a fili yana bushewa, sai ta fara jin ciwo a gefen mara na dama, da ɗan jini kaɗan. Ranar Talata da safe na kai ta wurin Dokta Rakiya. Gwaji ya nuna ciki ne, ƙarami, ko ita Fanna ba ta tabbatar ba. Dokta ta tattaɓa cikin, fuskarta ta canja. Ta yaye atamfar nan, ta kunna na'ura, ta shafa mai, ta daɗe tana juya hannu. Ina tsaye a bayanta ina ganin gumi yana bin wuyanta. A allon ba abin da nake gani sai toka-toka mai motsi. Can ta ajiye, ta ja ni waje.

"Baba Majo, ina tsoron cikin nan ba a mahaifa yake ba. Idan a bututu ya zauna, zai iya fashewa kowane lokaci. Ku tafi Diffa yau."

"Kin gani ne?"

"Ban gani ba. Ban iya gani ba. Zato nake."

"To ko ɓari ne yake barazana? Ta taɓa yin irinsa bayan Bukar, ta kwanta kwana uku ya wuce."

"Zai yiwu. Amma ni dai da uwata ce, yau zan kai ta."

Motar tana nan a gindin bishiyar bedi, da mai a cikinta, Malam Gwani yana zaune yana jan carbi. Ba hanya ce ta hana mu ba, ba soja ba ne, ba rashin kuɗi ba ne. Na koma na gaya wa Fanna, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce:

"Majo, ta gani ko ba ta gani ba?"

Na ce zato take yi.

"A kan zato zan bar tattasaina a ƙasa awaki su bi ta kai? Ka bari a kwashe, ran Asabar sai mu je."

Ni kuma, mai shekara talatin a aiki, na auna zaton yarinya da nawa sanin, na ga nawa ya fi nauyi. Na ce ta kwanta ta huta, Asabar ma rana ce. Ku lura da wannan wuri da kyau, domin a nan komai ya karye. Da Dokta Rakiya ta iya ɗora yatsa a kan allon nan ta ce ga shi, ku duba, da ba Fanna ba, ko Kaka ba za ta yi gardama ba, da kafin azahar muna Diffa. Abin da wata ukun nan zai ba ta ke nan, ikon ta ce na gani. Ni na hana ta shi da biro, sannan na dawo ina tambayarta ko ta gani.

Fanna kuwa ba ta kwanta ba, kun san halinta. Ranar Alhamis da hantsi tana tsaye a filin shanya tana nuna wa mata inda za su tara, sai ta dafe ciki ta durƙusa. A amalanken shanu aka kawo ta. Dokta Rakiya ta sa mata ruwa a hannu biyu, ta shiga motar da kanta, ta riƙe ledar ruwan a sama tun daga garin har muka hango dogayen eriyoyin Diffa. A nan Fanna ta cika, kanta a cinyata, rana tsaka, da ƙurar tattasai a zanenta.

A zaman makoki Kaka ta ce da Barbarci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, yarinyar nan ta duba ƴarta da na'urar Nasara ta ce ta koma gida. Mata suka ɗauka. Dokta Rakiya tana cikin gidan a lokacin, ta zo gaisuwa, kuma ta fara jin yaren. Ta ɗago ta dube ni ta ƙofar zaure. Kalma huɗu kawai zan faɗa in wanke ta: ta ce mu tafi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da amsa addu'a. Na ji tsoron surukata, na ji tsoron idonku, na ji tsoron a ce majo guda ya bar matarsa ta mutu saboda tattasai. Ita kuma Dokta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ƙara shekara a garin, mata suna zagaye ta suna tafiya wurin ungozoma, tana gaishe ni kowace safiya da Baba Majo kamar ba abin da ya faru. Daga baya ta sayar da filin da ta gada, ta kai kanta karatun da ƙasa da porje suka kasa kai ta. Ta dawo Diffa. Yau idan ciki ya rikice a duk yankin nan, sunanta ake kira.

Watanni biyu da suka wuce mijin Zara, Mamman, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar. Ya ce Zara tana da ƙaramin ciki, tana jin ciwo a gefe, an ce su je wurin Dokta Rakiya, ta rantse ba za ta kwanta a gaban wadda ta kashe uwarta ba, sai dai a jira wani likita da zai dawo daga tafiya mako mai zuwa. Ƙaryar da na bari ta yi girma a gidana ta zagayo tana neman ƴata, da irin ciwon, da irin jiran. Na shiga ɗaki na ɗauko kayen nan mai bango shuɗi, wanda ban taɓa iya yarwa ba, na tafi gidansu. Na zauna a gabanta na faɗa mata duk abin da kuka karanta yanzu, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon shafin da na buɗe mata, sannan ta ce:

"Baba, shekara nawa kana ji ina tsine mata?"

Ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta ce wa Mamman ya fito da mota. Da na miƙe zan bi su ta ce in zauna.

Mamman ne ya dawo mini da labari. Ya ce Dokta ta gane ta tun daga ƙofa, ta ce kamarta ɗaya da Fanna. Ta ɗora na'ura, ko minti biyu ba a yi ba ta juyo da allon wajen Zara, ta sa yatsa ta ce, "Ga shi nan, a inda ya kamata. Na gani." Ciwon na wani abu ne mai sauƙi, ta rubuta magani. Ya ce da za su fito ta tambaya ko Baba Majo yana lafiya.

Har yau Zara ba ta tako gidan nan ba, ba ta kuma ɗaga wayata. Kada ɗayanku ya je ba ta baki, tana da gaskiya. Haushin da nake ji na masu turo likita daji da hannu wofi yana nan bai ragu ba, kuma ina so ku ma ku ji shi, ku faɗe shi duk inda kuka samu dama. Amma idan kun tashi lissafa waɗanda suka yi sakaci da uwarku, ku cire sunan Rakiya, ku sa nawa.

Mamman ya bar mini ɗan hoton da na'urar ta fitar, baƙi da fari, da wani ɗigo a tsakiya wanda ya ce shi ne jikana. Na sa shi a cikin kaye, a shafin ƙarshe da na yi aiki da shi. Sunan Dokta Idi yana nan da alamarsa. A ƙarƙashinsa akwai sunan Dokta Rakiya, gabansa babu komai a wannan sabon zagayen, domin bayan Fanna ban sake buɗe kayen a ofis ba. A kan wannan gurbin na ɗora hoton.